Anti Zuwaira ta tafi, ta bar mini Tsakar Gida

Jama'a, ku yi haƙuri in kun ga rubutun ya karkace, cikin ɗoki nake yin sa.

Da safen nan ina tsugune ina wanke-wanke sai na ji Goggo Talatu, maƙwabciyarmu, tana ƙwala mini kira ta saman katanga: "Safiya! Ke Safiya! Kin buɗe wayarki kuwa? Zuwaira ta samu, har ta tafi!"

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin ruwan kumfa.

Ta samu! Karatun nan na ƙasar waje da ta daɗe tana nema, Allah Ya ba ta. Tun da sassafe ta hau motar Kano, ƙila yanzu haka tana filin jirgi. Ba wanda ya sani sai Innarta. Kun san halinmu, ba a yayata tafiya sai ta tabbata.

Na yi tsalle, na yi kuka, na sake yin tsalle. Ummata ta ce in zauna kafin maƙwabta su ɗauka wani abu ne ya taɓa ni.

Ku da kuke karanta ni daga wasu sabobin, bari in gaya muku ko wace ce.

Anti Zuwaira malamar kwamfuta ce a makarantarmu ta 'yan mata. Ita ta kafa Tsakar Gida, wannan 'yar sabar da nake rubutu a kanta yanzu, wato na'urar da ke riƙe da dandalin zumuntarmu na intanet. Ranar da ta fara yi mana bayani ta ce: "Ku ɗauka gida ne. Namu ne, mu muke share shi, mu muke sa doka. Akwai wasu gidajen a garuruwa da yawa, muna leƙa su, suna leƙo mu. Gidan da ba su da ladabi mu rufe musu ƙofa. Ba wani kamfani da zai wayi gari ya ce mu tashi."

Ni da na ji ana cewa saba, na ɗauka wani katafaren gini ne mai fitilu da sanyi.

Ashe tsohuwar laftof ce mai fasasshen gilashi. Tana zaune kan tebur a ɗakin Inna, kusa da keken ɗinki, sola na ba ta wuta, ga 'yar rauta mai kawo intanet a gefe tana ƙyafta ido. A cikin wannan abin muke duka: farashin gero da wake daga Dawanau, cigiyar akuya, sanarwar suna, mai neman irin gyaɗa, da labarin soyayyar nan da wata mai kiran kanta 'Yar Marka take sakawa babi-babi.

Sanina da ita ya fara ne da laifi. Ta kama ni a aji na ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi. Na sunkuyar da kai ina jiran bulala. Sai ta duƙo ta ce a hankali: "Da aure ya ƙare ko da kuka?"

Na ce ban kai ƙarshe ba tukuna.

Ta ce, "Ke ba kya rubutawa?" Na girgiza kai. Ta kama yatsana ta juya shi. "To wannan tawadar duk ta lissafi ce?"

Ba ta ƙwace littafin ba. Ta ce dai in bari sai an tashi.

Wanda ya san ni ya san ko baƙo aka yi a gidanmu, ƙafafuna nake kallo har ya tafi. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini kurma ba. In na yi magana ƙasa-ƙasa sai ta matso da kujerarta kawai.

Da damina ta kankama, aka kira ta Kano ganawa kan karatun nan. Kafin ta tafi ta rubuta mana a fili: in ta samu, Tsakar Gida na buƙatar mai riƙo. In ba a samu mai riƙon ba, za ta ba mu wata guda kowa ya kwashe mabiyansa ya koma wata sabar, sannan ta kashe tamu.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Wata sabar ai gidan mutane ne. Wa zai damu da akuyar Goggo Talatu a can?

Kwana uku za ta yi, kuma ni ta bar wa gadi. Aikin bai fi biyu ba: in duba fitila tana kore, in goge farantin sola. Ta ce, "Sauran kar ki taɓa."

Rana ta biyu da azahar aka ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ruga ɗakin Inna, na tarar rufin kwano yana ɗiga, ɗis, ɗis, dab da teburin. Wayoyin wutar gajeru ne, ba damar jan teburin. Hankalina ya tashi. Na ɗauko bargon Inna mai kauri, na naɗe laftof ɗin tsaf, na cuccusa gefe da gefe yadda ko iska ba za ta shiga ba. Na ɗora faifai a sama.

Inna ta ce, "Yauwa, 'yar albarka. Ita Zuwaira kullum ta bar abin nan tsirara. Keken ɗinki da rigarsa, rediyo da rigarsa, sai shi ne maraya?"

Wallahi har wani daɗi na ji. A gidajenmu ai abu mai daraja rufe shi ake.

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito da ƙarfinta, ni kuwa na koma gida ina jin na yi abin kirki. Bayan la'asar na buɗe Tsakar Gida, ta ƙi buɗuwa. Na sake, ta ƙi. Na koma da gudu na yaye bargon. Zafi kamar kaskon tuya! Na jira ta huce, na danna, fitila ta kawo, fanka ta yi wani kuka, amma gida bai dawo ba. Gilashi a fashe, ba abin da zan iya gani. Na kira Anti, wayarta a kashe.

Ga shi washegari kasuwar Ɗambatta, ranar da kowa ke jiran farashi.

Abin da raina ya ba ni shi ne in shige ƙarƙashin gado sai ta dawo. Ban da Inna, ba wanda ya san ni ce. Da an ce netwok ne, shi ke nan.

Amma sai na tuna bara, lokacin da batir ya lalace. Anti ta ɗauki lemarta ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya tana faɗa. Na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta. Ta ce: "Mai tsaron gida ba ta ɓuya, Safiya. In suka ga shiru za su ɗauka wayarsu ce ta lalace, wata har ta kai wa mai gyara. A je a gaya musu da baki."

Da safe na zura hijabi na fita. Hanya duk taɓo, gero ya fi ni tsawo hagu da dama.

Gidan farko sau uku ina sallama ba a ji ni ba. Sai da kaza ta yi kuka aka leƙo.

Da na zo wajen Goggo Talatu, na tarar tana ta jijjiga wayarta tana ɗaga ta sama.

Na ce, "Goggo, ba wayarki ba ce. Ni ce na kashe sabar."

"Ke? Da me?"

"Da bargo."

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi. "Kin lulluɓe ta kamar mai jego! Ba ki haɗa mata da kunun kanwa ba?"

Da ta share hawaye ta ce, "To ni ba farashin gero ne ya dame ni ba. 'Yar Marka ta bar mana Rabi'a a bakin rijiya, ga Nasiru ya taho a kan kekensa, sai ki rufe mana gida? In yaron nan ya wuce bai yi mata magana ba, ke zan kama."

Na ce to.

Kusan duk inda na shiga sai an yi maganar Rabi'a. Wata amarya ta ce mijinta yana yi mata faɗan karatun labarin, amma shi ke fara tambaya ko an saka sabon babi. Wata tsohuwa da jikarta ke karanta mata ta ce Nasiru ya cika sanyi, a zamaninsu da tuni an kai goro.

Ba ko'ina aka yi dariya ba. Akwai wata Hajiya mai sayen wake, ta riga ta tura kaya kasuwa ba ta san farashi ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Abin manya a ɗauka a ba yara." Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, laifina ne." Ta juya ta ci gaba da tsintar wakenta. Na tsaya kaɗan, na yi sallama na fito. Sai da na shiga cikin gero na yi kukana.

Anti ta dawo da yamma. Ta dubi bargo, ta dubi faifai, ta dubi Inna. Inna ta ce, "Ni dai ruwa na gani yana ɗiga."

Anti ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta kama hannuna ta kai gefen laftof ɗin inda iska mai ɗumi ke fita. "Ta nan take numfashi, ƙanwata."

Ta buɗe gwangwanin da Inna ke ajiye zare da allura, ta zaro 'yar fulash, ɗan abin nan da ake adana bayanan kwamfuta a ciki. Ashe duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai Anti ta kwafe Tsakar Gida kaf ta ajiye a ciki. Da ita ta dawo mana da gida. Amma duk abin da aka saka bayan Juma'ar ya tafi, har da hotunan sunan jikan Goggo Talatu, har da babin bakin rijiya. Kowa ya sake saka nasa, amma tun daga nan 'Yar Marka ba ta ƙara sabon babi ba.

Tambaya biyu kawai ta yi mini.

"An ce kin zagaya?"

Na ce eh.

"Har gidan Hajiya?"

Na ce eh.

Ta ce, "Hmm."

Wannan "hmm" ɗin na yi ta juya shi a raina har wata biyu. Na gama yanke wa kaina hukunci: an gwada ni na faɗi, in ta tafi gida zai rufe, kuma da hannuna a ciki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce bayan la'asar. Ta aiko in zo. Ta sa ni na kwafe sabar a fulash, alhali ba Juma'a ba ce. Na gama ta ce in sake. Na sake ta ce in sake, wannan karon ta juya baya tana cin ɗanwake. Ta nuna mini yadda ake karɓar sabon shiga, da yadda ake rufe wa sabar marasa kunya ƙofa. Ni duk na ɗauka hira ce.

Ta raka ni har ƙofar gida, ta miƙo mini gwangwanin. "Ajiye mini wannan, Inna na yawan zuba hannu neman allura."

Har na juya ta ce, "Safiya. Ki riƙa ɗaga kai in kina magana. Muryarki ba ta da laifi."

Na ce to, ina kallon ƙafafuna. Ko rungumar ta ban yi ba. Da na sani!

To yau da na goge hannu na buɗe waya, ga abin da ta rubuta kafin ta hau mota:

"Tsakar Gida ba za ta rufe ba. Na bar ta a hannun Safiya. Gyaran na'ura zan ci gaba da koya mata ta waya. Amma bin gidaje cikin taɓo kina cewa ni ce na ɓata, wannan ban san yadda ake koya wa mutum ba, kuma ita ta zo da abinta."

Na karanta ya fi sau goma. Na ruga na buɗe gwangwanin. Ƙarƙashin zare ga fulash, ga takarda a ninke, da kalmar sirri ta admin, wato mai riƙon gida, da rubutunta mai kwanciya. A can ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Ban da bargo."

Jama'a, gida yana nan! Ba inda za mu!

Yanzu na dawo daga ɗakin Inna. Fitila kore ce, na goge sola, na sa an toshe inda ke ɗiga. Inna ta ce ita dai har yanzu tana ganin ko ɗan kyalle mara nauyi ne a yafa. Na ce a'a, Inna. Da ƙarfi na faɗa, har ita ma ta ɗago ta dube ni.

Tunda kuma mai tsaron gida ba ta ɓuya, bari in ƙarasa. Goggo Talatu, ki zauna kan turminki. Ni ce 'Yar Marka. Anti ce ta buɗe mini sunan, ta riƙe mini sirrin ko Innarta ba ta gaya wa ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, Nasiru zai sauko daga keken.

Anti, na san sai kin sauka za ki ga wannan, daga wata sabar can nesa, kina leƙo mu. Na ɗaga kai, Anti. Kin ji?

Ya Allah Ka kai ta lafiya, Ka sauke ta lafiya. Ka buɗe mata karatu yadda ta buɗe mana ƙofa, Ka haɗa ta da masu matso da kujera in muryarta ta yi ƙasa a baƙon wuri. Ka ba Inna haƙurin kewa, Ka dawo mana da ita mu gan ta da idonmu. Ni kuma Ka ba ni ikon riƙe amanar nan.

Don Allah duk wanda ya karanta, na gida da na maƙwabtan sabobi, ya sa Anti Zuwaira a addu'a yau. In da saura, ku ɗan sammini, Juma'a ta kusa kuma ni kaɗai zan yi kwafin.