Hannun da Ya Manta Tsamiya

Wutar da muka sha tatsuniya a gabanta ba ta itace ba ce. Hitar gas ce mai ido uku a falonmu na unguwar Small Heath a Birmingham, ido ɗaya ma ya mutu tun kafin mu tare a gidan. A shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe wurin da ake ajiye yara bayan an tashi makaranta, Umma ta rasa yadda za ta yi da ni da ƙanena Sadiq. Ita tana aikin kula da tsofaffi, Abba kuma karatu ya sha masa kai. Sai aka ɗauko Iya, mahaifiyar Abba, daga gida ta yi mana wata shida. Shekarata tara a lokacin, kuma sunanta na ci, don haka Takwara take kirana.

Ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Falon kaɗai ake dumamawa, nan muke cin abinci, nan muke aikin makaranta. Da an idar da magariba Iya za ta miƙe ƙafa, ta lulluɓa da wani tsohon zane mai ruwan ƙasa wanda ba ta yarda a sa shi a injin wanki. Saƙar hannu ne na zaren tsamiya, alharinin da wata tsutsa ke yi a jikin itacen tsamiya. Ana dafa gidan tsutsar da ruwan toka, a kaɗa, sannan a saƙa. Takan sa in rufe ido, ta ɗora hannuna a kan zanen, sannan a kan labule ko gyalen Umma.

"Ido maƙaryaci ne, Takwara. Tambayi yatsa."

Kafin sanyi ya wuce na ƙware. Zanenta yana da ɗan kaushi da ɗumi, da ƙananan ƙulle-ƙulle inda zare ya tsinke aka ɗaura.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ta wata masaƙiya ce. Iya ta ce ga ta nan ga ta nanku, Sadiq ya amsa da Hausarsa ta Birmingham, ta yi masa daƙuwa, sannan ta fara. Masaƙiyar nan babu kamarta a garinsu, ko a duhu ta taɓa zare ta san asalinsa. Wata rana tana saƙa zanen da aka ba ta aiki, saura kamu ɗaya ta gama, tsamiya ta ƙare. Gajiya ta kama ta, ga mai kaya zai zo washegari. Sai ta rina auduga ta yi ruwan tsamiya, ta cike da ita. Mai kaya ya duba ya yaba, ya tafi. Da ta ga abin ya wuce lami lafiya, a zane na biyu ta sa auduga kamu biyu, a na uku rabi da rabi. Ana nan wani baƙo ya zo da zare kwando guda, ya ce tsamiya ce. Ta shafa, ta murza, ta ce lallai tsamiya ce, ta karɓa. Ashe auduga ce rinanniya, irin tata. Ƙurunƙus.

Sadiq ya ɓata fuska. "Iya, that's it? Ba wanda ya kama ta?"

"Wa zai kama ta, mai gidana? Mutane suna ta kansu. Hannunta ne ya gaji da faɗa mata gaskiya tana ƙi, ya yi shiru."

Mu kam ba ta yi mana daɗi ba. Mun so a ce kura ta cinye ta, ko a kore ta daga gari.

Bayan shekara goma na koma Manchester karatu, na samu aikin ƙarshen mako a wani sito a Cheetham Hill. Sari suke sarawa, dogon zanen nan da matan Indiya ke naɗawa. Aikina shi ne in linke, in maƙala takardar da ke cewa alharini ne tsantsa, saƙar hannu, kuma masaƙan ƙauye sun ci moriyar guminsu. Tun ranar farko yatsuna suka gaya mini ƙarya ne. Santsi ne sumul irin na leda, babu ƙulli ko ɗaya, inji ne ya zubo su. Na kira Umma na faɗa mata.

"To ya za a yi, Ummi? Kin san yadda ƙasar take yanzu, aiki ya yi wuya. Ki riƙe abinki, ba ke kika rubuta label ɗin ba."

Na riƙe. Wata na farko raina yana sosuwa, a na biyu ya rage. Daga baya har waƙa nake ji a kunne ina maƙala takardar nan ta alharini ɗari bisa ɗari.

Ina cikin shekara ta biyu a siton, Iya ta rasu. Da Abba ya dawo daga ta'aziyya ya taho mini da zanen, ya ce ita ta bar wasiyya a ba takwararta. Na hau bas na sauka Birmingham, na zauna a falon nan, na rufe ido kamar yadda ta koya mini, na ɗora hannu. Ban ji komai ba. Tsumma ne kawai, kamar labule, kamar kayan sito. Kukan da ban yi ba ranar da aka faɗa mini rasuwarta, a nan na yi shi.

Ba zan yi wa kaina kirari ba, ban bar aikin nan take ba. Roƙo na yi aka mai da ni ɗaukar kwali, inda baya ke ciwo kuma awoyin ba su da yawa, har na samu wani wurin. Yanzu na fahimci abin da ya sa Iya ba ta kawo kura cikin tatsuniyarta ba. Ta san yawancinmu ba a kama mu, gajiya ce ke sa mu cike kamu ɗaya, sauran kuma ya biyo baya da kansa.

Zanen yana ƙasan akwatina. Duk Juma'a nakan fito da shi in rufe ido in shafa. Makon jiya yatsana ya ci karo da ƙulli ɗaya. Guda ɗaya tak, amma na daɗe ban ɗauke hannuna daga kansa ba.