Mace a Ƙarƙashin Rufi

Wata safiyar Juma'a cikin azumin shekarar 2020, ina tsugune a bakin ƙofarmu ina wanke ledojin cefane da ruwan sabulu kafin a shigar da su gida, kamar yadda kowa ke yi a lokacin korona, sai na ji an kwaɗa kira a baranda. Na ɗaga kai. Tsohon da ƙofarsa ke kallon tamu ne, yana tsaye a bayan ƙyauren ƙarfensa da farar singileti, takunkumi a haɓa, ya kafa hannu a baki yana kiran wani suna. Ya kira da lallashi, ya saurara. Ya sake kira da tsawa, irin ta uban da ya kama ɗansa yana ɓarna. Babu kowa a barandar, daga tukwanen shuke-shuke sai sandunan shanya. Na ce a raina, shi ke nan, kullen nan ya taɓa kan tsoho. Da ya ga na saki baki ina kallonsa, sai ya yi dariya, ya ce da Turancinsa mai gauraye da Malay: "Suna nake gwadawa, lah. Yaron zai ji shi a wasa, zai ji shi a faɗa, dole in ji yadda yake fita."

Ina 'yar shekara goma sha biyu a lokacin, muna zaune a wani dogon bene a unguwar Cheras ta Kwala Lumfur, Baba yana karatun digiri na uku. Kafin kulle barandar nan ita ce filinmu. A nan na koya wa yaran maƙwabta 'yar gala-gala da alli, su kuma suka nuna mini nasu carafken, wanda ake yi da 'yan ƙullin tsumma cike da shinkafa. Tsohon kuwa, Ankul Chong muke ce masa, tsoronsa muke ji, don shi ne mai korar mu idan muka yi ihu lokacin barcinsa na rana. Ashe malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma danginsa da tsoffin ɗalibansa shi suke bugo wa waya idan an yi musu haihuwa, ya nemo wa jariri suna. Ban san haka ba sai da dokar kulle ta bar mu ni da shi, ƙofa na kallon ƙofa.

Gidanmu a kwanakin nan ba daɗi. Mama ta haifi bakwaini, mace, aka saka ta a kwalba a asibiti, aka sallamo Mama hannu biyu. Kullum sai ta tatsi nono, Baba ya kai ya miƙa a bakin ƙofar asibiti ya juyo, don ba a barin kowa shiga. Ni ce mai ɗora shinkafa, ni ce mai damun kunun buɗa-baki, ni ce mai shanya, a tsakani kuma in leƙa darasi a wayar Baba. Huɗuba ma ta waya aka yi, wata nas ta kara wa jaririyar wayar a jikin kwalba. Ranar suna aka yanka rago a Zariya, muka kalla a waya, gida shiru ba ko guɗa. Baba ya sa mata sunan mahaifiyarsa, to nan fa aka tsaya, shi ba zai faɗi sunan uwarsa ba, Mama ba za ta faɗi na surukarta ba. Da a gida ne, kafin la'asar gwaggonni sun laƙa mata inkiya. Amma a nan babu wanda zuciyarsa ta iya, kowa na tsoron ya saba da kiranta. Sai "yarinyar" kawai. Yaya yarinyar? Yarinyar ta sha? Wallahi abin yana ci mini rai, domin ina so in roƙi Allah Ya dawo mana da ita, kuma ba ni da abin da zan kira ta da shi a cikin gidanmu.

Don haka kowace hantsi sai in jawo kujerar roba bakin ƙofa, shi ma ya jawo tasa, ya buɗe wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya sha gam. Yakan tsoma burushi a kofin ruwa ya rubuta haruffansu na Sinanci a siminti, ya juyo da rubutun ya fuskance ni, kafin ya gama bayani ruwan ya bushe. Ya zana rana, ya zana wata a gefenta, ya ce wannan haske ke nan. Ya zana itace ɗaya, ya ƙara wani kusa da shi, ya ce an samu kurmi. Ikon Allah! Ni da na ɗauka rubutun da ke jikin shagunan unguwa tsinken tsintsiya ne aka watsar, ashe kowane ɗaya hoto ne. Ya ce sauti guda yana iya zama kyau, ya zama ƙarfi, ya zama sunan wani ɗan itace, sai an ga harafin kuma an ji inda murya ta hau ko ta sauka. Ya ce sunayen nan Tan da Chan da Chen da nake gani a allunan shaguna duk harafi ɗaya ne, kowa da yadda kakanninsa ke furta shi, don haka sai ya gwada suna da lafazin makaranta, ya gwada da lafazin kasuwar Kwala Lumfur, kada ya yi daɗi a nan ya zama abin tsokana a can. Yakan kwana uku ko fiye a kan suna ɗaya, yana ɗauka yana ajiyewa kamar mai zaɓen doya. Ni dai sai kallo, har in manta ina azumi.

Rannan ya tambaye ni sunan ƙanwata. Na raɗa masa a hankali, na ce sunan kakarmu ne. Tabɗi! Tsohon nan ya zare tabarau, ya ce kakar tana raye? Na ce tana nan garau. Ya riƙe baki. A wurinsu, in ji shi, ko harafi ɗaya na sunan babba ba a ɗora wa yaro, raini ne, yaya za a yi uwa ta riƙa tsawata wa sunan surukarta? Ni kuwa nan take na hasala, na ce mu a wurinmu babu girmamawar da ta kai wannan, kuma ai shi ya sa ba a kiran sunan, ɓoye shi ake yi a nemo wani. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai kunyar iri ɗaya ce. Sannan ya ce, to wane suna aka nemo? Na buɗe baki in amsa, sai kuka ya zo. Na ce masa babu, kuma ina so ya nemo mata.

Ya ƙi. Ya ce wannan hakkin uba ne, in je in tambayo. Na sami Baba bayan la'asar na faɗa masa. Ya sa takunkumi ya fito bakin ƙofa, suka gaisa daga nesa. Ankul Chong ya nemi sanin sa'ar da aka haife ta, don su suna lissafi da ita. Baba ya ce a bar wannan, addininmu bai yarda da shi ba, amma suna mai ma'ana mai kyau babu wanda zai ƙi. Tsohon ya ce boleh, wato babu laifi, ya tambayi ma'anar sunan kakarmu, Baba ya sunkuyar da kai ya ce aminci. Daga ranar ya daina koya mini komai. Sai in hango shi ta ƙyaure, ƙamus a cinya, shayi ya huce a gefe, leɓensa na motsi. Na matsa masa da tambaya, ya kore ni kamar yadda yake yi da can. Ban taɓa ganin babban mutum ya duƙufa haka a kan ɗan da ba nasa ba, ɗan da bai ko gani ba.

Ana saura kwanaki kaɗan sallah ya buga ƙyaurenmu da sandarsa, ya ce a kira Mama. Ta fito da hijabi, ta rame, idanunta sun faɗa. Wannan karon da baƙin tawada ya rubuta, a kan jar takarda. Ya fara ɗiga ɗigo a sama, ya ja rufi a ƙarƙashinsa. Sannan a cikin rufin ya zana mace, a hankali. Ya ce a makaranta "an" ake cewa, a bakinsu na nan "on", kuma ga yarinya ana ninka shi a ce An-an. Ma'anarsa aminci da kwanciyar hankali. Ya ɗaga takardar ya ce, "Mace ce ta shigo gida. Abin da ya rage mata ke nan." Mama, wadda tun da aka sallamo ta ban ga hawayenta ba, ta dafa bango ta yi kuka har sai da Baba ya riƙe ta. Da aka sha ruwa ta juyo ta ce wa Baba, gobe idan ka je ka tambayo mini nauyin An-an.

Bayan sallah aka sallamo ta, 'yar mitsitsiya a cikin tawul. Ankul Chong yana tsaye a bayan ƙyaurensa, takunkumi har ido, ya ƙi matsowa don kada ya sa mata wani abu. Mama ta ɗan buɗe fuskarta ta nuna masa daga nesa, ya sunkuyar da kai, bai bar wurin ba sai da muka shige ciki.

Yanzu muna Zariya. An-an tana zuwa Islamiyya, bakinta ya fi na kowa a gidan, kuma kakarmu da kanta haka take kiranta. Ina ganin yadda ake zaɓen suna a waya cikin minti kaɗan, a ce wannan ya fi daɗin ji, sai in tuna wani tsoho da shayinsa ke hucewa. Mun taso cikin gaggawa lokacin da aka buɗe hanya, lambarsa ta ɓace mana, ban san ko yana raye ba, kuma ina kewarsa ƙwarai. Har muka baro ƙasar bai taɓa ɗaukarta ba ko sau ɗaya.