Saudatu Mai Abaya da Baƙuwarta daga Ɗambatta

A unguwar Mansur da ke Makka, in ka tambayi gidan Saudatu mai abaya, ba za ka sha wahalar nema ba. A nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya taso daga Ɗambatta a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya yi noma a Sudan ya ƙara gaba, da ya iso kuwa ya ce shi kam ya ga wurin zama. Saudatu ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausar kakanninta ce a bakinta, sai dai Larabci ya ratsa ta kamar gishiri a miya.

Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu ta hau keken ɗinki. Shekara arba'in da biyar ke nan baƙin yadi ne abokin hirarta: ta yanka, ta ɗinka, ta yi wa hannu da wuya ado da zare da 'yan duwatsu. Mijinta Tijjani, direban motar alhazai, yakan ce ƙarar kekenta ce agogon gidan.

A shekarar 2016 Asiya ta zo Umara. Jikar ƙanen kakan Saudatu ce, malamar makaranta mai ritaya, kuma sai a waya suka san juna. Tana kammala ibada ta sallamo gidan da turmin atamfa mai ruwan ganye da ɗorawa, tsarabar gida, da kuma takarda shafi huɗu ta saƙon mutane.

"Yaya, duk wanda na bari a Ɗambatta yana cikin takardar nan," in ji ta.

"Tayyib. Yalla, mu tafi kasuwar Utaibiyya, ƙafarki ta gaya miki."

Bayan la'asar suka shiga kasuwa. Asiya ta tsaya turus tana kallon mata, baƙi wuluk daga sama har ƙasa.

"Yaya, don Allah, yaya miji ke gane matarsa a garin nan?"

"Da takalmi, da jaka," in ji Saudatu tana dariya. "Ke idonki baƙo ne. Dubi hannun waccan, aikin zare ne na kwana biyar. Waccan mai faɗi kamar fiffike, farasha muke ce mata. Ga wata can mai ruwan toka, yayin bana ke nan, 'yan mata sun fara gajiya da baƙi."

Sannu a hankali idon Asiya ya buɗe. Ta ga matan Indunusiya ayari guda da hijabi iri ɗaya kamar 'yan makarantarta, ta ga Turkawa da dogayen kwat a wannan zafi. Samarin gari kuwa, jallabiya fara fat ta sha guga, a ƙasa takalmin ƙwallo. Abin da ya dame ta ɗaya ne: wa ke yi musu wanki?

A shagon darduma ta zuba wa mai shagon ido, wani ɗan Bangaladash mai jan gemu, ta raɗa wa Saudatu, "Wannan da ganin idonsa zai tsuga mana tsada."

"Wallahi Hajiya babu tsada," mutumin ya amsa da Hausa. "Zo zauna, araha, kamar kyauta!"

Asiya ta rufe baki da mayafi. Kunya ta sa ta ɗauki darduma goma sha biyu ba tare da dogon ciniki ba. Daga nan kuma ta tsiri juya kowane kaya tana karanta gindinsa. Carbi, Chana. Buta, Chana. Darduma, Turkiyya.

"To wai me ake yi a Makka?"

"Ibada da ciniki," in ji Saudatu. "Halas, shi ke nan."

Abinci ma bai tsira daga bakin malama ba. Ful da burodin tamis da aka kawo da safe ta ce wake ne aka yi masa dukan tsiya. Salig, shinkafar da ake dafawa da madara, ta ce sai mai jinya. Mutabbak kaɗai ta yaba, shi ma don ya yi mata kama da wainar fulawa da ta samu gata. Rana ta uku ta kafe sai an kai ta inda Larabawa da kansu suke layi.

Haifa, 'yar Saudatu, ma'aikaciyar jinya wadda Hausarta ke ɗingishi, ta ce wa Asiya, "Khala, mu kai ki cin siriya. Babu kamarsa a Makka."

Kafin magariba suka isa wani lungu a Mansur. Ga motoci jere, ga masu farar jallabiya sun yi layi, ga wani dattijo, Malam Lurwanu, yana juya nama a kan garwashi. Asiya ta shaƙi hayaƙin sau ɗaya ta dafe ƙirji.

"Tsire! Yaya, na ƙetare teku ku kawo ni cin tsire?"

Saudatu ta yi dariya har da hawaye. Ita a saninta siriya abincin Makka ne, bai taɓa zo mata cewa da kakanni ya iso ba. Malam Lurwanu ya ce gaskiyar baƙuwa, mahaifinsa daga Maraɗi ya zo da sana'ar. Asiya ta ɗanɗana, ta ce nama ya yi, amma yajin yana neman citta. Duk da haka sai da ta tashi da kashi biyu.

Suna tsaye a nan wasu 'yan mata Larabawa biyu suka matso wajen Haifa suna nuna zanen Asiya, wanda mayafinta bai rufe duka ba. Suna son sanin a wace kasuwa ake samunsa. Da suka koma gida Saudatu ta ciro turmin da aka kawo mata, ta daɗe tana kallonsa. Washegari ta sa almakashi ta yanko siraran ƙyallaye, ta bi bakin hannun wata abaya da su, ta ba Haifa ta sa zuwa aiki.

Haifa ta dawo da saƙon mutum huɗu masu son irinta.

Ba a fara da sa'a ba. Yadin atamfar da Saudatu ta ƙaro daga wani shago a unguwa ya zuba a wankin farko, wata mata ta dawo da abayarta tana faɗa. Asiya, wadda tuni ta koma gida, ta yi mata darasi a waya: a jiƙa shi da gishiri tukuna, kuma a daina sayen wanda ba a san asalinsa ba. Tun daga nan ita ke shiga Kantin Kwari a Kano ta ɗauko hotuna, Saudatu ta zaɓa, duk mai tahowa Umara daga Ɗambatta a liƙa masa turmi biyu. Kullum sai sun yi gardama, domin Asiya na son manyan furanni, Saudatu kuwa ta ce matan Makka sai ƙanana.

Kafin shekara ta zagayo aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tijjani ya sayo keke na biyu, wata maƙwabciya ta zo tana taya ta, aka fitar da kujera ɗaya daga falo don a samu wuri. Shi Tijjani yanzu a ɗakin girki yake shan shayinsa.