Kukan Saniya a Gaban Mahauci

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta tura mu Romaniya kwas ɗin kiwon dabbobi na wata tara. Mu biyu ne daga yankinmu: ni daga Safana, sai wani malamin dabbobi daga Batsari, Bafulatani, wanda ya ba ni kusan shekara ashirin. Yaya nake ce masa.

A lokacin ina ji da Turancina. Ashe a can ko albasa ba zai saya mini ba.

Asabar ɗin farko muka shiga kasuwa neman nama, muna tsoron kada a haɗa mu da alade. Na yi wa mahaucin Turanci, na sake yi da ƙarfi, ya yi ta kallona. Sai Yaya ya kafa yatsu biyu a ka kamar ƙaho, ya saki kukan saniya, irin na wanda ya tashi a ruga. Kasuwa ta kwashe da dariya. Mahaucin har da riƙe ciki, sannan ya jawo cinyar saniya ya yankar mana.

Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanya na ce, "Yaya, ka zubar mana da mutunci. Yanzu sai su ce daga daji aka kwaso mu."

Ya ce, "Ƙanena, ai daga dajin muke. Ba ga naman ba?"

"Ni dai na daina bin ka kasuwa."

Ya sauya wa ƙunshin naman hannu, muka ci gaba da tafiya.

Na koma wani kanti inda ba sai na buɗe baki ba, ina nuna kaya da yatsa. Na sayo gishiri a maimakon sukari. Na sayo wani ruwa mai tsami ina zaton man girki ne. Ƙarshenta na tsaya a burodi da kifin gwangwani. Shi kuwa Yaya, tsofaffin mata masu sayar da madara sun san shi, suna ajiye masa nasa, suna koya masa sunayen abubuwa. In ya yi girki sai ya rufe kwano ya ajiye a ƙofar ɗakina. Nakan cinye, in wanke, in mayar lokacin da na san ba ya nan.

Da muka dawo, a tashar Katsina muka rabu. Safana da Batsari ba wata tafiya ba ce, kullum sai in ce ranar kasuwa mai zuwa zan je in ba shi haƙuri. Ana haka aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Zariya.

Sai bayan shekara uku na je. Babban ɗansa ya tarbe ni a zaure, ya ce Allah ya yi wa mahaifin nasu rasuwa tun daminar bara. Da na faɗi ko ni wane ne, ya sake miƙo mini hannu.

"Kai ne abokin tafiyarsa! Yakan ba mu labarinka. Ya ce bai taɓa ganin yaro mai kunya irinka ba."

Na yi wa Yaya addu'a. Aka kawo fura, na kasa sha.