Kawu Dieufort da buhu biyun gwamnati

Kawu Dieufort, wan mahaifiyata, shi ke busa katantanwar teku a ƙauyenmu na kwarin Artibonite. Idan ya busa, kowa ya san gayya ce: a fito da shebur a yashe magudanar da ke kawo ruwa fadamun shinkafa. A wajen mahaifinsa ya gaji busar, tare da fadama guda.

Yana tsakiyar ƙarfinsa gwamnati ta ce masu ba ƙasa bashi sun ce a buɗe ƙofa, shinkafar waje ta shigo. Ta shigo kuwa, fara tas, ga araha. Tamu ta rasa mai saye, samari suka watse birni, magudana ta cika da laka, Kawu ya koma noman dankali. Ni kuma injin casar da na sayo ya zama wurin kwanan kaji.

Bayan shekaru masu yawa, kwatsam rediyo ya ce tattalin arziƙin duniya ya rikice, shinkafar waje ta yi tsada, ana zanga-zanga a birni. Gwamnati ta ce kowa ya koma fadama. Da gudu na je na kama wa Kawu layin rabon irin gwamnati, na dawo da buhu biyu na iri, daidai fadamarsa.

"Wilnor, tsaya," in ji shi. "Waɗanda suka ce mu bari ne suka ce mu koma?"

"Su ne, Kawu."

"Duniyar da ta rikice, wane gari take?"

"Kai dai ka samo ruwa kafin lokacin shuka ya wuce."

Ya busa katantanwa. Na ƙirga kawuna: sha tara, goma sha huɗu masu furfura. Abokinsa Cherisme ya zo yana dogara sanda.

Ya ce, "Tsoho, busar nan taka kamar tarin akuya! Me matarka ta ɗora mana?"

Nan gizo ke saƙa. A kwarinmu mai gayya da shinkafar kwari yake ciyar da mutane, da miyar wake. Wanda ya kawo ta waje, har jikokinsa za a yi wa waƙar zambo. Ga shi babu ta kwari a kasuwa, don babu mai nomawa. Inna Mélanise, matar Kawu, ta dubi buhunan iri, ta dubi mijinta.

"Inna, kada ki soma!" na ce. "Na shuka ne!"

"Ɗan nan, mutane na cikin laka har ƙugu. Iska zan zuba musu a kwano?"

Abin haushi, a injina aka cashe buhun farko. Aikinsa na fari ke nan bayan shekaru.

Ranar ba a kai rabin magudanar ba. Amma labarin abincin ya zaga ƙauyuka, washegari mutum arba'in da ɗaya suka zo, har da waɗanda ba su da ko taku ɗaya a fadama. Cherisme ya ce rabonsa da wannan ƙamshin tun bikin 'yarsa. Kawu ya tsaya a gaban buhu na biyu yana sosa ƙeya.

"In na hana, ba ruwa. In na bayar, ba iri. Wilnor, kai mai lissafi, wanne ne daidai?"

Na fara ƙirga da yatsu. Aka kai buhun inji.

Da la'asar ruwa ya shigo fadamar Kawu, jawur, yana tura ciyayi. Ana cikin shewa rediyon Cherisme ya sanar cewa gwamnati ta rage kuɗin shinkafar waje don birni ya lafa, rabon iri kuma an dakatar.

"To yanzu mu noma ko mu bari?" Kawu ya tambaya.

Inna Mélanise ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani uku na iri da ta ɓoye a bayan tukunya. Na auna da ido: kusurwa ɗaya kawai zai isa.

Kusurwar nan Kawu ya shuka. Sauran fadamar ruwa ne zalla, agwagin Cherisme na iyo a ciki. Kullum da safe Kawu yana zuwa ya zauna a bakin kunya da rediyo a kunne, wai kada a sake canza magana bai ji ba.