Ɓargon Sa a Cikin Kwalba

Ni ɗan mahauta ne a Tudun Wada, Zariya. Na tashi ina fasa ƙashi a rumfar mahaifina, ba na cin haƙƙin kowa. Bakina ne ya ja mini, domin ko dutse na tallata sai an saya.

Wata rana na ji a rediyo cewa likitoci na gwajin ɗibar ƙwayoyin halitta daga ɓargon mutum don gyara tsokar zuciyar da ta lalace. Rabin zancen na kama, na ce ai ɓargo a gidanmu yake kwana. Na narka ɓargon shanu, na barbaɗa kanumfari, na ɗura a kwalabe. Wasa-wasa na fara sayarwa a tashar Kwangila. Da ciniki ya buɗe na sayi farar riga, na shiga ce wa masu ciwon zuciya su ajiye maganin asibiti.

Cikin waɗanda suka yarda har da Baba Tela, maƙwabcinmu da ke ɗinka mini kayan sallah tun ina yaro. "Kai ɗana ne, ba za ka cuce ni ba," in ji shi. Na miƙa masa kwalba ko ido ban ƙifta ba. Ba a jima ba ya faɗi a kan keken ɗinkinsa, aka kwashe shi ranga-ranga. Ya rayu da ƙyar, amma bai ƙara ɗinki ba. Ni kuwa aka kai ni gidan yari, inda na yi ta jin maganar nan tasa a kunnena.

Bayan na fito na tuba na koma fawa, sai dai kunya ta hana ni bi ta ƙofar gidan Baba Tela. Kwatsam ciwon ƙirji ya kayar da ni. Likitar da ta tsaya a kaina Hadiza ce, 'yar Baba Tela. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na farfaɗo na tambaye ta ko maganar ɓargon ma ƙarya ce.

"Gaskiya ce, Malam, amma ba a tukunya ake yi ba. Daga ƙashin ƙugun majinyacin ake zuƙowa, a tace, a tura ta jijiya zuwa zuciya. Har yanzu bincike ake, kuma ba wanda ya ce a bar magani."

"Likita, kin gane ni kuwa?"

"Na gane ka. Baba ya ce in riƙe ka da kyau, wai ɗansa ne kai."

Na yi kuka, wallahi, irin wanda ban yi a gidan yari ba.

Samari, kada ku sayar da abin da kuka ji rabinsa, kada ku raba marar lafiya da likitansa. Maganin da na hana Baba sha shi nake haɗiya kowace safiya, ina gode wa Allah, ina gode wa tsohon da na cuta.