Cinyar Gada Mai Shatin Haƙori

Wata Asabar da hantsi, mako guda bayan an gama ɗaure gero, ina ɗan shekara goma sha biyu, Baba ya tsaya a gindin rumbu da ɓawon ƙwan zabo a tafin hannunsa ya yanke wa karena hukunci. Sunansa Kyalle, ja ne mai farin goshi, kuma a lokacin gwaiduwa ce shaɓe-shaɓe a haɓarsa, don haka ko lauya aka ɗauko ba zai fitar da shi ba. Ƙwai tara Inna ta jera wa kazarta ta kwanta a kai, ya shanye shida. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kare a gidan Musulmi ko dai na farauta ne ko na gadi, wannan kuwa ɓarawo ne ake ciyarwa. Ranar Juma'a masu sayen karnuka za su biyo ta ƙauyenmu da kejinsu a bayan keke, a miƙa musu shi. Na ce a zuciyata sai dai a haɗa da ni a kejin.

Gaskiyar magana, ba laifin Kyalle ba ne da bai taɓa kama ko zomo ba. Tun da aka tare ruwa a dam ɗin Warwade, dajin da yayyenmu ke farauta ya koma ƙarƙashin ruwa, abin da ya rage kuma aka share aka yi gonaki. Ni da shi sai korar birai daga dawa, da haƙon gafiya, da rakiyar awaki. Makarantar boko kuwa, a aji uku muka rabu da ita ba tare da sallama ba, kuma ban ji labarin ta yi kewata ba.

Abokina Buba, ɗan rugar da ke bayan gonarmu, shi ya kawo labarin da ya ba ni ƙafar tsayawa. Ya ce a dam ɗin akwai wani tudu mai sabara da kalgo da ruwan damina ya zagaye ya mayar tsibiri, kuma sau biyu in ya kai shanu shan ruwa yana hango gada a bakinsa. Kwana uku muka yi muna tsara farautar nan a ƙarƙashin tsamiya, muna zane a ƙasa da tsinke kamar masu shirin cin gari da yaƙi. Muka lura da inda iska ke fitowa da safe, muka yanke mu sauka ta inda ba za ta kai wa gadar warinmu ba. Buba zai bi ta dama yana bugun ciyawa da sanda, ni ta hagu da gora, Kyalle a tsakiya. Da Buba ya tambaya ko za ta iya gudu, na buga ƙirji na ce gudu zuwa ina? Gada ba ta iyo. Ban taɓa ganin gada kusa da ruwan da ya wuce kwatami ba, amma na faɗa da irin muryar da malamai ke jan fatawa.

Saura jirgi. Mai kwalekwale ɗaya muka sani, wani dattijon masunci da kowa ke kira Baba Sale, mai ƙaramin jiki da babban baki. Da ya ji da kare za mu shiga, ya tofar da yawu ya ce in mutane suka ji kare ya taka jirginsa, wa zai ƙara sayen kifinsa? Na tafi gida na sato tsohon masakin da Inna ke jiƙa gero, na dawo na ajiye a gabansa, na ɗaga Kyalle na zaunar a ciki. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan nan, shaiɗan ma a wajenka zai ɗauki karatu. In dai ƙafarsa ba ta taɓa katakona ba, na yarda." Ladansa dami uku na itacen banda, muka kwana biyu muna sarowa.

Ranar Alhamis, da yake babu karatun allo, rana na ɓullowa muka shiga. Ni da ke cika baki a tudu, jirgin na fara rawa na ƙanƙame masaki ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga bayan gida. Muka sauka inda muka tsara, muka bazu yadda muka tsara, kuma abin mamaki komai ya tafi yadda muka tsara. Ba mu yi taku ɗari ba gadar ta zabura daga gindin kalgo, Kyalle ya rufa mata baya yana wani irin kuka da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ta kai ƙarshen tudu, na ɗaga gora ina jiran ta juyo. Ko waiwaye ba ta yi ba. Tsundum ta faɗa ruwa, ta miƙa wuya tana iyo kamar a can aka haife ta. Kyalle bai san fatawata ba, shi ma ya faɗa. Ya cim mata ya damƙi cinyarta ta baya, suna nutsewa suna tasowa, har Baba Sale ya iso da jirgi ya cafko kunnenta, ya yi bisimilla ya yanka. Kyalle ya yi iyo ya fito yana kakkaɓe jiki.

Ina cikin tsalle sai na ga tsohon ya tura gadar ƙarƙashin komarsa. Ya ce al'ada ce tun kakanni, abin tudu na maharbi ne, amma duk abin da ya shiga ruwa na masu ruwa ne, ko da saniyar sarki ce sai an nemi izininsu. Buba ya sunkuyar da kai, don su ma sun san wannan doka. Ni kuwa ba naman ne ya dame ni ba. Gobe Juma'a, kuma in na koma hannu wofi na ce Kyalle ya kama gada, Baba zai ce ƙarya ta ƙaru a kan sata.

Na zauna a kan dutse na ce ba zan shiga jirgi ba sai an ba ni cinyar da karena ya ciza. Ya lallashe ni, ya zage ni, ya ce akwai kada a wajen. Na ce ta zo. Ya ɗauki Buba suka tafi, ina kallonsu har suka zama ɗigo. Nan muka wuni ni da Kyalle, rana ta gasa ni, na ci 'ya'yan kalgo har haƙorana suka yi tsami, na yi kuka sau biyu, amma sai da na tabbatar ba mai gani. Bayan la'asar sai ga jirgin. Ashe ya lissafa abin da zai faɗa wa gari in aka ce ya bar ɗan mutane a tsakiyar ruwa. Tun daga nesa yake masifa. "Ɗan banza mai kan dutse, ungo tsiyarka!" Ya wurgo cinyar, da fatarta, na duba na ga ramukan haƙora huɗu, sannan na taso.

A gida sai da na sha bulala biyu: ɗaya ta shiga ruwa, ɗaya ta masakin Inna da ya tsage a hanyar dawowa. Da aka gama, na miƙa wa Baba cinyar ina shessheƙa. Ya juya ta a hasken yamma, ya sa yatsa a ramukan, ya kira Kyalle ya ɗaga leɓensa ya gwada. Daga nan ya ce wa Inna in an dafa a ajiye wa mai aikin ƙashinsa. Washegari da masu keji suka tsaya a ƙofar gida suna buga ƙararrawa, daga cikin zaure ya ce musu su ƙara gaba.

Yanzu ina zaune a birni, a unguwar Yalwawa, gwiwa ta ƙi, ido ya rage. Jikokina kan hau adaidaita su je bakin dam ɗin su ɗauko hotuna a waya su nuna mini. Tudun yana nan, amma an sare shi tas an yi gawayi, ko ƙadangare zai yi tunani kafin ya zauna. Gada kuwa sai a littafinsu. 'Ya'yana suna cewa taurin kaina ne ya hana ni zama wani abu, kuma ban musa ba, wataƙila da gaskiyarsu. Amma Kyalle shekara tara ya ƙara a gidanmu, tsufa ne ya kashe shi a gindin rumbu, ni na haƙa masa rami. Da za a mayar da ni kan dutsen nan yau, zama zan sake yi.